Tayoyin marigayi Yayana za su kai ni Bilma?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Don Allah ina neman shawara, kwana uku ke nan barcina rabi da rabi. Yayana, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar Hilux katkat, wato mai ja da tayoyi huɗu. Sai da aka shekara uku ana ja-in-ja kan gado, matarsa ta ce a sayar, ƙannenmu suka ce an karyar da kuɗinta, har kawunmu ya taso daga Tanut ya tsawatar. Duk tsawon lokacin nan motar tana gindin dogon yaro a ƙofar gida, awaki na kwana ƙarƙashinta. Ƙarshe na sayar da filina na biya kowa, ta zama tawa. Na gyara inji, na sa sabon batir. Yanzu surukina zai aurar da 'ya a Bilma wata mai kamawa, kuma a gaban mutane na ce da motata zan je. Tayoyin baya na marigayi ne, zanensu kamar jiya aka saya, sai 'yan tsage ƙanana a gefe kamar faso a diddige. Na gaba na hannu ne, a nan Damagaram na saya. Safaya ɗaya. Za su kai ni?

Ɗan Gaidam: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Yaya. Ba ka faɗi girman tayar ba, ba ka faɗi mutum nawa da kaya nawa za ka ɗauka ba. Kafin nan duba gefen tayar, akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta. Biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara.

Tsohon Direba: Ƙanena, rabu da lamba. Na yi hanyar Agadas zuwa Fashi zuwa Bilma tun kafin wasu a nan su san giya. Yashi ba ya son taya mai manyan haƙora, haƙa rami take yi ta binne ka har gindin mota. Wadda ta ɗan suɗe ita ce ke tafiya a kansa kamar ƙafar raƙumi. Abin da ke kai mutum iska ce. Da zarar ka bar tsakuwa ka shiga hamadar Tenere, rage ta daga kilo 2 da rabi zuwa kilo 1,2. In ka kafe, sauke har 0,8, ka fita, ka mayar. Ka tashi da asuba lokacin yashi na da sanyi yana riƙe mota, da azahar gari yake zama. Kada ka yanka sitiyari da ƙarfi, taya za ta zame daga rim. Shi ke nan karatun.

Baban Ummi: Na duba, 1416 ne a rubuce. Amma fa Yaya bai yi wata shida da su ba ya kwanta ciwo.

Ɗan Gaidam: Mako na 14 a 2016 ke nan. Masu ƙera taya da kansu sun ce in ta kai shekara 10 a ajiye ta ko ba ta taɓa ƙasa ba, balle wadda ta shekara uku tsaye wuri ɗaya tana shan rana. Kuma Baba Direba, maganarka ce ma ta ƙara tsorata ni. Kilo 1,2 wajen fam 17 ne a lissafinmu na Najeriya. In iska ta yi ƙasa haka, gefen taya ne ke lanƙwasa yana miƙewa duk juyi, yana ɗaukar zafi. Daidai inda fason yake. A kwalta da fam 36 za ta iya yaudararka har Agadas.

Tsohon Direba: Yaro, takarda ka karanta, ni hanya na karanta. Na ga sabuwar taya ta fashe, na ga tsohuwa ta je Dirku ta dawo. A sa mata shambur, wato tub, a ciki, magana ta ƙare.

Na Ingal: Shambur da ƙaramar iska? Taya takan murɗa a kan rim ta ja shi, bakin iskar ya tsinke. Ni abin da ya ci ni ke nan. Kuma wanda muka tafi tare, da na tsaya faci ko waiwaye bai yi ba, mutumin da na ranta wa kuɗin mai. Har yau ba ma gaisawa.

Maman Sadik: Ni na hannun nan na gaba su suka fi ba ni tsoro. Maigidana ya taɓa sayen biyu, an goge su da baƙin mai sai sheƙi. Ashe sun suɗe ne aka sake yanka masu zane da ƙarfe mai zafi. Ko mako ba a yi ba waya ta leƙo. Da ya koma, mai shagon ya rantse bai taɓa ganinsa ba. Wallahi mutane ba sa tsoron Allah.

Tsohon Direba: Hajiya, wannan rashin ido ne wajen saye. Baban Ummi, nemi safaya ta biyu, famfo, shebur, faranti biyu na ƙarfe na sa wa ƙarƙashin taya, da katakon ɗora jak don kada ya nutse. Kada ka shiga kai kaɗai, bi ayari. Sama da kilomita 500 ne ba mai faci. Bishiya ɗaya tal ke tsakiyar Tenere, ita ma wani direba ya kaɗe ta a 1973, ta ƙarfe ce a wurin yanzu.

Baban Ummi: Na gode duka. Amma ku gane, filina na sayar, sababbi huɗu ba su cikin lissafina, ga gudummawar biki. Mai facin unguwarmu ya bubbuga su ya ce garau suke. Kuma Yaya ba ya sayen abin banza. Ko in mai da nasa gaba, tunda nauyi a baya yake?

Ɗan Gaidam: Ta gaba in ta fashe sitiyari take ƙwacewa.

Tsohon Direba: Bar su a baya.

Na Ingal: Ni dai da mota zan biya in bar tawa a Agadas.

Baban Ummi: Hakan ba zai yiwu ba, na riga na yi magana. Wa ke da famfon da ake jona wa batir ya ara min na mako biyu?

Ɗan Gaidam: Har yanzu ba ka faɗi mutum nawa za ka ɗauka ba.