Sauka a Iferwan da iskar hunturu: in tashi ko in jira?

Matuƙi Ƙarami: Salamu alaikum manya. Ƙaramin jirgi ne, Cessna 206, kayan magani daga Agadas zuwa Iferwan, a arewacin Nijar. Iska not 18 (not: ma'aunin gudun iska da jirgi), tana bugawa zuwa 28, kuma ta karkace daga titin sauka da digiri 60. Filin tsakuwa ne da yashi. In tashi da hantsi ko in bari?

Injiniya Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Ka duba matatar iska tukuna, ƙura na toshe ta. Kuma kada ka gwada inji kana tsaye a kan tsakuwa, farfela na tsotso duwatsu su sassare mata baki. Ka ƙara totur a hankali jirgi na tafiya.

Kyaftin: Injiniya, iska ya tambaya. Ƙanena, yi lissafi da bugun, wato 28. A digiri 60 kusan not 24 ke dukanka ta gefe, littafin 206 kuwa 20 aka gwada. Ga dutsen Tamgak a gabas: iskar arewa maso gabas in ta tsallako dutse gangarowa take yi, ta danne jirgi daidai lokacin da kake ƙasa-ƙasa. Hantsi ma lokacin ƙarfinta ne. Sai dai da sanyin asuba, in hazo ya bari.

Baban Hajiya: Lissafi ba ya hana mai jirgi matsa wa yaro. Wani matashi haka aka tura shi, ana cewa kaya sun makara. Ya sauka da gudu, tayar gaba ta nutse a yashi, farfela ta ci ƙasa. Aka kore shi, aka riƙe masa albashin wata uku. Wanda ya ce a tashi yana ofis cikin sanyi, ko jaje bai yi masa ba.

Ɗan Tawa: Allah ya kyauta. Amma ai farfela kawai za a sake, kuɗin ba su kai a kori mutum ba.

Injiniya Ɗan Zariya: Ina! Farfela in ta bugi ƙasa inji na aiki, sai an kwance injin an auna karanshaf, sandar injin da ke juya farfela. Wannan ma kuɗi ne mai yawa, ban da na farfela.

Ɗan Tawa: Ni an ce min rabin haka ne.

Kyaftin: Wa ya ce? A bar maganar ga masu sa hannu a littafin jirgi. Ƙanena, in ka je wata rana: ƙara rabin bambancin bugun a kan saurin saukarka, a nan not 5. Fiffiken ɓangaren iska ƙasa, tayar wannan gefen ta fara taɓawa. Sitiyari baya, a sauke wa tayar gaba nauyi, birki kaɗan. In ya yi tsalle, cika totur ka sake zagayowa.

Na Ingal: Ku ba shi raƙumi mana, raƙumi bai san iskar gefe ba.

Baban Hajiya: Raƙumi ko Avgas, man jirgi, ba ya nema. Yanzu duro ake biyo hanya da shi, wani ya kwana biyu a rana, ruwa da tsatsa a gindinsa.

Injiniya Ɗan Zariya: Shi ya sa a bar duro ya natsa kafin a ja, a tace, a tsiyayi kowane tanki a kwalba. Shuɗi ne Avgas samfurin 100LL, ruwa na kwanciya a ƙasa. Wa ke da sabon duro a Agadas wannan makon?