Sabuwar Mustang: ƙaramin inji ko V8, kuma ya maganar taurarin gwajin karo?

Dan_Sitiyari:
Salam 'yan uwa, dan Allah masana mota a taimaka min. Na jima ina bin labarin sabuwar motar Ford Mustang ɗin nan, ta bakwai a jerinsu, kuma wlh ta shiga raina sosai amma abu biyu sun tsaya min. Na farko inji, akwai mai silinda 4 lita 2.3 da turbo wanda suke ce ma EcoBoost mai ƙarfin doki 315, sai V8 wato mai silinda 8 lita 5.0 doki 480, har da samfurin Dark Horse mai 500. Na biyu wani yace min Turawa sun taɓa ba Mustang tauraro 2 kacal cikin 5 a gwajin karo, abin ya ɗaga min hankali don ina da yara biyu kuma ko ba kullum ba dole wata rana su shiga. To shin girman inji yana canza yadda mota ke kare mutum in an yi hatsari ne, ko duk ɗaya ne?

Bakanike77:
Wslm oga. Bodin ai ɗaya ne, ƙarfen da zai lanƙwashe ya shanye dukan ɗaya ne, eyabag da bel duk ɗaya, shi yasa galibi sakamako ɗaya ake ba su. Inda bambancin yake shine kafin a yi karon. Motar nan tayoyin baya ne ke janta, in ka taka V8 da ƙarfi a kwana ko titi na jiƙe bayanta zai wutsile kafin ka ankara, musamman in hannunka bai saba ba. Doki 315 ma ba wasa bane fa, yafi ƙarfin abinda yawancinmu muka taɓa riƙewa, kuma gabanta yafi sauƙi tunda injin bai kai V8 nauyi ba, ga sauƙin shan mai. Matsala ɗaya, in kana son giyar hannu dole sai V8, don a sabuwar sun bar ƙaramin da otomatik mai giya 10 kawai.

Maman_Hanan:
Maganar tauraro 2 gaskiya ce ɗan'uwa, amma ba wannan sabuwar bace, wadda ta gabace ta ce. Euro NCAP, hukumar gwajin karon motoci ta Turai, ce ta gwada ta a farkon 2017. Ni abinda nake so ka gane shine tauraron ba na ƙarfin bodi kaɗai bane, a lokacin ɓangare huɗu suke dubawa: kariyar manya, kariyar yara, masu tafiya a ƙasa in an buge su, sai na'urorin da ke taimakon direba. Kuma in ɓangare ɗaya ya faɗi shi ke jawo taurarin ƙasa ko da sauran sun yi kyau. A lokacin manya ta samu kashi 72 cikin 100, na'urori 16 kawai saboda wadda aka kai Turai bata da birkin da ke kama kansa, yara kuma 32. Daga baya a shekarar dai suka saka birkin da na'urar tsare layi suka gyara eyabag na gaba aka maida ta tauraro 3.

Amma tunda kace yara, tsaya a nan. A gwajin da ake buga gaban mota gaba ɗaya a bango, mutum-mutumin da aka zaunar a baya zamewa yayi ta ƙarƙashin bel, kaga bel ɗin maimakon ya riƙe ƙashin ƙugu sai ya koma ciki, kuma nan ne ake samun mummunan rauni. Wannan ne ya kamata ya dame ka fiye da yawan taurarin. Duk motar da zaka saya ka buɗe cikakken rahoton ka karanta na kujerar baya, kuma ka duba shekarar gwajin don ƙa'idojin ƙara tsauri suke, tauraro 5 na 2015 ba ɗaya bane da na yanzu.

Direba_Sani:
Allah ya saka hajiya, kin gama magana. Abin da zan kara kawai shine gudun da ake gwajin, mutane basa lura. Na buga gaban mota a NHTSA, hukumar kiyaye hadurra ta gwamnatin Amurka, kilomita 56 ne a awa, na IIHS, cibiyar kamfanonin inshora ta can, 64, na buga gefe a jikin turke a Turai 32 kacal. Kuma in ka ninka gudu sau biyu karfin dukan sau hudu yake ninkuwa ba biyu ba. Ni na taba kwacewa da wata mota mai jan baya ana yayyafi, ban fi 70 ba, wlh kafin in juya sitiyari na ga inda na fito a gabana, na bugi karfen gefen titi, bel ya bar min shati daga kafada har kugu sai da nayi sati uku ina jin ciwo in nayi numfashi. Tayoyin bayana sun sude ne, tun daga ranar bana wasa da taya.

Dan_Sitiyari:
Subhanallah, Allah ya ƙara tsarewa malam. Na gode sosai, na karkata ga ƙaramin gaskiya, duk da kukan V8 ɗin nan yana raina. Hajiya kujerar yara tana shiga bayanta kuwa?

Maman_Hanan:
Akwai maƙalan ɗaura ta a baya, amma wurin a matse yake ga ƙofa biyu, in irin mai kallon baya ce ta jarirai sai an tura kujerar gaba sosai. Ka tafi da kujerar taku ranar da zaka je ganin motar, ka ɗaura ta da hannunka ka girgiza ka gani, sannan ka zauna a gaba ka ji ko gwiwarka na da wuri.