Me gwajin CRP yake nunawa game da jijiyoyin zuciya?

Mai tambaya daga Daura: Likita ya rubuta wa mahaifina gwajin CRP, alhali kitsen jininsa bai hau ba. Don Allah, mene ne amfaninsa?

Ma'aikaciyar lafiya daga Katsina: Ɗan'uwa, kitsen da ya taru a bangon jijiya yana da ɓawo, kuma idan kumburi ya cinye ɓawon nan sai ya fashe, jini ya daskare ya toshe hanya. Hanta ce ke samar da furotin CRP idan sinadarin intalukin-6, wanda jiki ke fitarwa lokacin kumburi, ya zaburar da ita, don haka gwajin yana nuna ko akwai kumburi a jiki. Idan CRP ya haura miligiram 3 a litar jini, alamar haɗarin ciwon zuciya ce.

Mai aikin awon jini: Allah ya ba Baba lafiya. Sai dai zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga CRP ƙwarai, don haka ba a auna shi don duba haɗarin ciwon zuciya cikin zazzaɓi.