Cokulan Baba da neman sunan "sterling" da "coin silver" a Hausa

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wasu kalmomin Turanci na kayan azurfa da muke nema wa suna a Hausa, waɗanda na shafe mako biyu ina tuntuɓar mutane a kansu, yau ina so mu tsayar da magana.

Watan jiya yayata ta buɗe adakar marigayi Babanmu. Baba ya yi aikin kuku a gidan wani Baturen kuza a Bukuru kafin 'yancin kai, da maigidan zai koma ƙasarsu ya bar masa 'yan tarkace. A ƙasan adakar ta tarar da cokula goma sha ɗaya naɗe a tsumma, duk sun yi baƙi. Ta ɗauki hoton bayansu ta turo min, ta ce: "Kai da ka zauna a Ingila, duba min, azurfa ce ko gwangwani? Wani ya taya su duka a dunƙule."

Ina ganin hoton na gane amsar. Biyar suna ɗauke da ƙananan hatimai a jere, har da wani ɗan zaki mai tafiya. Shida kuma haruffa huɗu ne a jikinsu: EPNS, alamar cewa shafa musu azurfa kawai aka yi. Amma da na zo rubuta mata bayani sai na ga duk jimlar da na fara rabinta Turanci ne, ita kuwa Yaya boko bai wuce mata firamare ba. Wanda ya taya kayan ya san abin da yake kallo. Ita ce ba ta da kalmar da za ta yi ciniki da ita.

Rashin kalmomin yana da dalili. Hadisin Huzaifa da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana ci da sha a mazubin zinariya da azurfa, malaman Malikiyya kuma sun tsananta har a kan ajiye irin waɗannan kayan. Shi ya sa azurfarmu ta tafi ga zobe da munduwa da warwaro da kayan doki, ba ta sauka kan tabarmar cin abinci ba. Hukunci na malamai ne, kuma ban kira kowa ya ci abinci da cokalin azurfa ba. Sai dai abin da ake gada, ake sayarwa, ake lissafa shi a zakka, dole ya samu suna.

Mu fara da sterling. Azurfa ce da aka auna: cikin kowane kashi 1000, kashi 925 azurfa ne, sauran 75 galibi jan ƙarfe. Ana surka ta ne saboda azurfa zalla tana da laushi, idan aka ƙera cokali mai yatsu da ita ba zai daɗe ba yatsun za su lanƙwashe. A shekarar 1300 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya yi doka cewa kada maƙeri ya fitar da kayan azurfa da suka gaza awon kuɗin ƙasar, kuma sai an gwada an buga musu kan damisa.

Shawarar farko da na samu ita ce "azurfa tsantsa", wani kuma ya ce "tatacciyar azurfa". Duka biyun ban karɓa ba. Tsantsa ita ce 999, wadda ake zubawa sanduna. Idan muka ba 925 wannan suna, ranar da za a auna kaya don zakka ko rabon gado za a lissafa jan ƙarfe a matsayin azurfa. Giram 100 na sterling, giram 92 da rabi ne azurfa a cikinsa.

Wani malamina a Zariya ya ce mu rubuta "sitalin" mu huta, tunda kunnen Bahaushe ya saba da ita daga fam na Ingila. Malam, hujjarka tana da ƙarfi, don asalin kalmar ma daga awon kuɗi ta fito. Amma na gwada ta a kan mutum uku, duka ukun sun ɗauka maganar canji nake yi. "Azurfar Ingila" ita ma ta yi kusa, sai dai Amurkawa sun ƙera tarin kaya a wannan awo: kamfanin Tiffany na New York ya rungume shi tun farkon shekarun 1850, Gorham ya biyo baya a 1868. Akwai kuma wanda ya ce "mai zaki". Wannan sunan kasuwa ne mai kyau ga kayan Ingila kaɗai, amma a waya inda mutane ba sa sa ƙugiya, zaki da zaƙi ɗaya suke fitowa.

Wanda ya warware min ita wani dattijo ne maƙerin fari a Kano. Na gama dogon bayanina, ya ce: "Yaro, gwal yaya kuke kiransa?" Gaskiya ne. Duk macen da ta taɓa shiga shagon gwal ta san 18 da 21 da 22, ba wanda ya fassara mata. Bahaushe ya riga ya iya kiran ƙarfe mai daraja da lambar awonsa. Saboda haka na tsaya a kan "azurfa 925", a baki kuma "tara-biyu-biyar". Lambar tana nan a cikin zobban da ake sayarwa a kasuwanninmu, ido ya riga ya san ta. A kan tsoffin kayan Ingila ba za ka ga lambar ba, zakin nan mai tafiya da ƙafarsa ɗaya ta gaba a sama shi ne madadinta, an fara buga shi a 1544.

Wani amfanin lamba shi ne tana da wurin ajiye 'yan uwanta. Daga 1697 zuwa 1720 Ingila ta tilasta wa maƙera wani awo mafi tsada, 958, wanda suke kira Britannia. Dalilin shi ne maƙera suna narka kuɗin ƙasa suna mayar da su faranti da cokali, sai hukuma ta ɗaga awon kayan tebur sama da na kuɗi don narkawar ta daina biyan buƙata. Mu ce "azurfa 958", an gama.

Wannan narka kuɗi shi ya kawo mu kalma ta biyu, wadda ta fi ba ni wahala: coin silver. Kalmar Amurkawa ce. Kafin a gano babbar ma'adinar Comstock a Nevada a 1859, azurfar tono ba ta da yawa a ƙasar, maƙeri a Boston ko Philadelphia yakan karɓi dalolin Sifaniya da tsoffin kaya daga hannun mai saye ya narka ya buga masa cokula. Paul Revere na Boston, wanda Amurkawa ke tunawa da shi a yaƙin neman 'yancinsu, sana'arsa ke nan. A 1837 aka tsayar da awon kuɗin azurfa na Amurka a kan 900, kuma shi ne abin da masu tara kayan suke nufi yau idan sun ce coin silver. A bayan cokulan wancan ƙarni za ka ga an buga COIN, ko PURE COIN, wani lokaci DOLLAR. Yawancinsu sirara ne, marasa nauyi, da haruffan sunan mai su a zane a kan mariƙi.

Abin da ya faranta min rai shi ne wannan sana'a tamu ce ita ma. Maƙeran fari na ƙasar Hausa da kuɗi suka yi aiki. Liyari, wato dalar Mariya Tariza ta Ostiriya mai ɗauke da shekarar 1780 ko da yaushe aka buga ta, awonta 833 ne, nauyinta giram 28, kusan giram 23 da ɗoriya azurfa. Ita da sulallan Turawa aka riƙa narkawa ana yi wa iyayenmu mata mundaye. Tunanin yana nan a Hausa tun tuni, laƙabi kawai muke nema.

An ba ni uku. "Tsabar azurfa", daga tsabar kuɗi: wannan tarko ne, domin tsaba a Hausa tana nufin zalla, sai mu faɗi kishiyar abin da muke nufi. "Azurfar dala": ta dace da Amurka, har ma da kalmar da maƙeransu ke bugawa, amma wata 'yar uwa daga Damagaram ta tuna min cewa a Nijar dala ita ce faran biyar na sefa, tsofaffinmu a Najeriya kuma dala sule biyu suka sani. Kalma ɗaya, kuɗi uku. Ta uku ita ce "azurfar sulalla", kuma ita na zaɓa.

Akwai suka a kanta, kuma suka ce ta gaskiya. Sulen Ingila har zuwa 1919 awonsa 925 ne, a 1920 aka sauke shi zuwa 500, a 1947 aka cire azurfar gaba ɗaya. Wato wanda ya narka tsohon sule, tara-biyu-biyar ya samu. Na yi kwana biyu ina juya wannan. Abin da ya sa ban janye ba shi ne "sulalla" a bakin mutanen yau ta wuce sulen Ingila, duk kuɗin ƙarfe ake kira haka. Kuma sunan yana faɗin gaskiya ɗaya da mai saye yake buƙatar ji: awon wannan kaya ya bi kuɗin da aka yi koyi da shi ko aka narka, don haka ka tambaya na wace ƙasa ne. Sai mu ce "azurfar sulalla ta Amurka, 900", ko "azurfar sulalla ta liyari, 833". Sunan ya ɗan yi tsawo, amma ba ya ruɗar da kowa.

Sai hallmark. Kalmar ta samo asali ne daga zauren ƙungiyar maƙeran zinariya na Landan, inda tun 1478 ake kai kaya a gwada a buga musu alama. Wani ya ce to mu ce "hatimin zaure". Yana da daɗin ji, amma zaure bai gaya wa Bahaushe cewa an auna komai ba. Muna da "ma'auna", wurin da ake awo. Ofishin gwajin azurfa ma'aunar azurfa ce, alamarta kuma "hatimin ma'auna". Kowace ma'auna da nata: Landan kan damisa, Edinburgh ganuwa mai hasumiya uku, Birmingham anga irin ta tsayar da jirgin ruwa, Sheffield kambin sarauta har 1975 da ta koma fure. Biyun ƙarshe a 1773 aka buɗe su. Kusa da wannan akwai harafi ɗaya da ke canjawa duk shekara, mu kira shi "harafin shekara". Daga 1784 zuwa 1890 kuma ana ƙara hoton kan mai mulki, shaidar an biya haraji. Wannan ba ya buƙatar ƙirƙira, kan sarki ne, kamar dai yadda muke kiran na wasiƙa.

Ina roƙon kada mu haɗa hatimin ma'auna da "tambarin maƙeri", wato haruffan sunansa da ya buga da hannunsa, irin HB na Hester Bateman, matar da ta riƙe maƙera a Landan tun daga 1761. Bambancin shi ne zuciyar harkar. Hatimi shaidar wani ne daban da ya gwada. Tambari maganar mai kaya ce a kan kayansa. A Amurka, ban da Baltimore da ta yi ma'auna daga 1814 zuwa 1830, babu mai gwadawa, don haka kalmar COIN a bayan cokali alkawarin maƙeri ne kawai, darajarta daidai da amanarsa.

EPNS ba ta ba ni wahala ba, kasuwa ta riga ta yi mana aikin. Yadda ake cewa "ruwan gwal ne", haka za mu ce "ruwan azurfa". Kamfanin Elkington na Birmingham ya yi rajistar dabarar shafa azurfa da lantarki a 1840. Ƙarfen da ke ƙasa, wanda Turawa ke kira nickel silver, ko ɗigon azurfa babu a cikinsa, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Farin ƙarfe ne, mu kira shi haka. Kama da wane ba ta wane.

Sauran kalmomin da sauri. Flatware su ne cokali da cokali mai yatsu da wuƙar tebur, na ce "dangin cokali". Manyan da ake ɗebo abinci da su daga babban mazubi, irin na miya da na yanka kifi da ɗan matsen ɗaukar sukari, "dangin ludayi". Masu ciki kamar butar shayi da kwanon miya, "dangin kwano". Antique kuwa "daɗaɗɗe", ga abin da ya kai shekara 100, don a raba shi da gwanjo. Idan wani yana da wadda ta fi "dangin ludayi" ina saurare, ita ce ban gama gamsuwa da ita ba, don wuƙar kifi ba ta yi kama da ludayi ba ko kaɗan.

Ga abin da na rubuta wa Yaya daren jiya:

"Yaya, ina wuni. Shidan nan masu haruffa huɗu ruwan azurfa ne a kan farin ƙarfe, ba su da wani kuɗi. Biyar ɗin masu zaki azurfa ce tara-biyu-biyar, da hatimin ma'aunar Birmingham da tambarin maƙerinsu. Babu kan sarki a jiki, kuma fasalinsu na bayan 1890 ne, harafin shekarar zai faɗa mana daidai idan kin sake ɗauko hoton da rana. Kada ki goge su da toka ko yashi, hatiman za su shafe, su ne rabin darajarsu. Kada kuma ki sayar a dunƙule. Ki sa a auna biyar ɗin daban a sikelin masu gwal, ki rubuta giram nawa ne, sai mu tara sauran magada mu kai wa Malam maganar."

Da asuba ta amsa: "Na gane sarai. Zakin ma yanzu na gan shi."