Tambaya: ina zan sa tsofaffin da na yi hira da su, in tsarin APA nake bi?

Maman Ummi:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Ina rubuta kundin digiri na biyu a kan waƙoƙin daka da niƙa na mata. Malamin da ke duba aikina ya ce in bi APA bugu na 7, wato tsarin ambaton madogara da jera manazarta. Littattafai ba su ba ni wuya ba, hira ce ta tsaya mini. Mafi yawan waƙoƙin nan daga bakin tsofaffi na ɗauko su a ƙauyuka. Akwai wata Iya da ta kai shekara tamanin, ta sa aka kawo turmi tsakar gida domin in ji yadda amon taɓarya ke riƙe waƙar. Yanzu an ce mini APA ba ya yarda a sa hira cikin manazarta. To littafin da na ɗauki layi biyu a cikinsa ya samu gurbi, Iya da ta ba ni babi guda ta rasa? Abin ya dame ni ƙwarai. Don Allah a ba ni shawara.

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa albarka. Abin da aka faɗa miki gaskiya ne, amma da dalilinsa. A wurin APA, aikin manazarta shi ne mai karatu ya iya bin sawu ya je ya gano abin da kika ambata. Hirar da ke cikin wayarki ba wanda zai iya ganowa, shi ya sa suka ce a ambace ta cikin rubutu kawai. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ce ta tsara shi, ba da adabin baka a zuciya ba. Duk da haka bugu na 7, wanda ya fito a 2019, ya buɗe ƙofa ga ilimin gargajiya na baka: a rubuta cikakken sunan mai bayani, da al'ummarsa, da garinsa, da ranar da aka yi hirar, duk a cikin jimlar da kika kawo maganarsa. Wannan ya fi sunan da aka jera a shafin ƙarshe daraja, domin nan ne ake karantawa.

Sannan a kundayen Hausa an daɗe ana ware rataye na waɗanda aka yi hira da su: suna, shekaru, sana'a, gari, rana da lokaci. Ki yi haka. Amma ki koma ki nemi izininsu tukuna. Waƙar daka cike take da habaici ga kishiya da uwar miji, ba kowace mace ke son sunanta a jikin irin wannan baiti ba.

Ɗan Gusau:
Malam ya gama magana. Ƙarina, Hajiya, ki nemi kundin ƙa'idojin makarantar manyan digiri ta jami'arku, shi ne alƙali ranar kare kundi. In ya saɓa wa APA, shi za ki bi. Kuma kada ki kwafi tsari daga tsofaffin kundayen laburare, yawancinsu bugu na 6 ne. A na 7 an daina sa garin da aka buga littafi. Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, 1988, da can Zariya za ki fara rubutawa kafin NNPC, kamfanin da ya buga shi, yanzu kamfanin kaɗai ya isa. Marubuta uku ko fiye kuwa, sunan na farko ake kawowa a bi shi da "da wasu" tun ambato na farko.

Maman Ummi:
Na gode Baba, na gode Malam. Maganar izini ta shige ni, insha Allahu zan koma kafin damina ta ɓata hanya. Ana ta yaba mini Zotero, manhajar jera manazarta, yana karɓar baƙaƙe masu lanƙwasa?

Binta Mai Kwamfuta:
Yana karɓa Anti, kuma kyauta ne. Sharaɗi ɗaya: ki buga ƙ, ɗ, ɓ na ainihi da allon Hausa, kada mai buga miki ya yi amfani da tsohon rubutun Rabi'at. A kwamfutarsa zai fito tsaf, da an buɗe a wata sai ki ga baka-baka da alamomi a inda ƙ take, har suna irin Ɗangambo ya lalace. Kuma duk abin da Zotero ya jero, ki bi shi da ido sunan bayan suna, domin ba ya sanin ko Gusau sunan gari ne ko na mutum, abin da kika zuba masa shi zai mayar miki.