Yadda ƙaramar hukuma za ta samo kuɗin aiki daga jiha

A zaman da muka yi a Kaduna, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce: a shigar da aiki cikin kasafin kuɗi tun ana tsara shi. Ƙananan hukumomi 23 ne ke miƙa hannu, wanda ya makara sai baɗi. Wani tsohon kansila ya ce kada a rubuta "muna son hanya" kawai. A faɗi tsawonta, a haɗa da kiyasin injiniya da hoton kwalbatin da ruwa ya cinye. Rijiyar burtsatse a nufi RUWASSA, hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara, ajujuwa kuma SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Ni dai na fi yarda da masu cewa a jawo ɗan majalisar jiha, don a gabansu ake amincewa da kasafin. Takardar da ba a bibiya kuwa, a durowa take kwana.