Don Allah wa ya iya kompenseshan a FlowJo?

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina neman ɗauki wallahi. Ina mastas nan Samaru, aikina kan ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 da CD8 ne a jinin masu zazzaɓin cizon sauro, sampul 48, kuma kwana huɗu ke nan ina fama da abu ɗaya a FlowJo, manhajar da nake duba sakamakon na'urar ƙirga ƙwayoyi (flow cytometer) da ita: kompenseshan, wato cire hasken kala ɗaya da ya malala cikin na wata.

CD4 na sa masa rini mai haske FITC, CD8 kuma rinin PE. Na san hasken FITC yana malala cikin tashar PE tunda leza ɗaya mai 488 nm ce ke kunna su kuma launukan haskensu suna shiga juna, shi ya sa na yi kwantirol mai kala ɗaya-ɗaya. To da na ɗora kompenseshan ɗin sai gungun CD4 ya nutse ƙasa da sifili a ɓangaren PE, ɗigogin duk sun manne a jikin layin giraf ɗin kamar tururuwa a bakin kofin shayi, in na cire kuma su miƙe a karkace. Na riga na zagaye limfosait (fararen ƙwayoyin jinin da CD4 da CD8 ke cikinsu) a FSC da SSC, ma'aunan girman ƙwaya da yanayin cikinta, na fitar da ƙwayoyin da suka manne bibbiyu, ba abin da ya canza.

Abin da ke damuna, kwantirol ɗin PE washegari na gudanar da shi saboda an ɗauke wuta, kuma ina zargin wani ya taɓa boltej ɗin na'urar kafin na zo. Shi ne matsalar, ko sikelin ne kawai zan mayar bayeksponenshal, wanda ke nuna har ɗigogin da ke ƙasa da sifili? Jinin ya ƙare, fayilolin FCS da na'urar ta fitar kaɗai gare ni, Malam kuma Litinin yake son ganin sakamako. Wanda ke kusa ko Shika ne zan zo da laftof ɗina.